Yabon da Malam ya bari a cikin mota

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a wata maƙabarta da ke kudancin Manchester. Ba zan kira sunansa a nan ba. Ban kira ba yana raye, ba kuma don jarida zan fara ba. Malam nake ce masa, waɗanda suka san shi sun san wanda nake nufi. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi masa sadaka, in yi addu'a, in ja bakina. Bana kuwa akwai maganar da ta tokare ni. A bara na gano cewa wata yarinya ta bar rawar da aka haife ta dominta saboda shirun da Malam ya yi mata, shi kuma har ya koma ga Allah bai sani ba.

Wanda bai san shi ba zai ce me ya haɗa Bakatsine da rawar Indiya. Ni ma na yi wannan tambayar, da ƙarfi ma kuwa. Karatun kiɗa gwamnati ta turo shi, zai rubuta digirinsa na uku a kan kalangu. Muna sabbin zuwa, muna zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Whalley Range, wani abokin karatunsa ya ja shi kallon wasa. Ya tafi yana cewa ai rawar Indiya ba baƙuwarsa ba ce, shi da ya ƙare kuruciyarsa a silima. Ya dawo kamar wanda aka yi wa wankin ido. Ya ce mini abin da muke gani a fim kumfa ne kawai, yau ya ga ruwan. Kalangu dai ya samu babinsa ɗaya a digirin, sauran duk katak ta cinye.

Katak rawa ce ta arewacin Indiya. Mai yin ta kan ɗaura ƙananan ƙararrawa masu yawa a idon sawu, kusan irin akayau na 'yan koroso, ta riƙa buga ƙasa da tafin ƙafa tana amsa wa mai kiɗan tabla, wato 'yan gangunan nan biyu da ake kaɗawa da yatsu. Kiɗan zagaye yake yi, ya je ya dawo kan bugun farko, wanda suke kira sam. Malam ya sha yi mini bayani ina yanka albasa. Ya ce kamar mutum biyu ne suka shiga kasuwa, kowa ya bi layinsa, da alkawarin za su haɗu a bakin ƙofa. Mai rawa ta yi nata yawon, makaɗi ya yi nasa, amma dole su sauka a kan sam tare. Duk gwanintar tana nan, duk jin kunyar ma tana nan.

Bai taɓa taka rawa ba, kada wani ya yi masa ƙage. Mutumin da ko a bikinmu sai da aka yi da gaske ya miƙe aka ɗauki hoto. Aikinsa kallo ne, da sauraro, da rubutu. Da muka koma Levenshulme, teburin cin abincinmu ya sha wahala a hannunsa, don ba ya iya zama bai ƙwanƙwasa shi yana ƙirgen bugu ba, har maƙwabciyarmu ta taɓa tambayata ko famfonmu ne yake ɗiga. Mutanenmu na nan, likitoci da injiniyoyi, suna kiransa Daktan rawa idan an fito masallaci. Wasu da wasa, wasu da abin da ya fi wasa. Yakan yi murmushi ya tambaye su lafiyar iyali. Ni ce abin yake ci wa rai, ni ce kuma nake ramawa idan an haɗu a wajen suna.

A Birmingham ya samu malamar da ta buɗe masa ido, wata dattijuwa mai suna Kamla, wadda ta yi rawa a ƙasarsu kafin aure ya kawo ta Ingila. A wani zaure da ke bayan gidanta take koyarwa. Da farko ta ƙi shi. Ta ce mutumin da bai taɓa ɗaura ƙararrawa ba, da me zai auna masu ɗaurawa? Ya yi ta zuwa duk Asabar yana zama a lungu, har ta gaji ta fara jefa masa tambaya, har ta kai idan bai zo ba sai ta bugo waya gida. Ɗalibanta kan taɓa ƙafarta idan za su gaishe ta. Shi ya gaya mata ba zai iya wannan ba, amma yakan cire takalmi ya durƙusa kamar yadda yake yi wa mahaifiyarsa, ita kuma ta karɓa. Daga baya ɗana take ce masa. Ni na sa mata Inna Kamla, sunan ya bi ta har wajen yaranmu.

A gidan akwai jikarta Mira, wadda ta tashi a hannunta. Malam ya san yarinyar tun tana faɗuwa idan ta juya. Kawu take kiransa. Shi yake riƙe mata ruwa idan ana gwaji, shi yake kai ta sayen alewa idan kakar ta sa ta kuka, don Inna Kamla ba ta da sauƙi a wajen koyarwa.

A wancan lokacin sunan Malam ya riga ya fita a 'yar mujallar da masu wannan fanni suke karantawa. Tsoronsa ake yi. Ba ya zagi, amma zai gaya wa gwani a inda ya yi ha'inci, ya ce a nan ka yi sauri ne don ka ɓoye cewa ka ɓata. Wata mashahuriya ta daina gaishe shi saboda ya rubuta cewa idonta yana kallon masu tafi, ba ya kallon labarin da take bayarwa. Sai dai yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani, don ya sha faɗinta a taro. Ba ya sare gwiwar mai tasowa. Idan sabon hannu ya hau dandali bai yi abin kirki ba, Malam zai yi magana a kan makaɗa, a kan tsarin wasan, ya tsallake shi. Duk mai karanta mujallar ya iya fassara wannan tsallaken.

Da Mira ta kusa gama sakandare aka shirya mata fitowarta ta farko ita kaɗai. A wajensu wannan ba ƙaramin abu ba ne, hidimar kamar ta aure. An kama zaure, an gayyato makaɗa, 'yan uwa sun zo har daga Leicester. Ranar Lahadi ce da rana, cikin bazara, na samu hutu daga asibitin da nake aikin ungozoma na bi shi. Ni dai abin da na gani shi ne yarinya cikin farin kaya tana juyi har sai da kaina ya juya, mutane suna ta cewa wah, wah. Da aka tashi aka yi layi ana yi mata barka. Malam ya je ya durƙusa gaban Inna Kamla ya yi mata sannu da aiki. Ya wuce ta gaban Mira, ya ɗan gyaɗa kai ba tare da ya dube ta ba, ya ce mini mu kama hanya kada mu shiga cunkoso.

Muna hawa babban titi bakinsa ya buɗe. Tun daga Birmingham har muka shigo Stockport Road, titin unguwarmu, maganar yarinyar nan yake yi. Yana tuƙi yana buga sitiyari yana nuna mini inda ta yi kaza, har na ce masa don Allah ya riƙe motar da hannu biyu, ina da marasa lafiya gobe. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin cikin ba, ko ranar da aka ba shi digiri.

Da sharhin ya fito na karanta. Ya yabi mai tabla, ya yabi mawaƙin, ya yi dogon bayani a kan yadda aka jera sassan wasan. A kan Mira layi ɗaya ne, cewa jikar malamar ce ta yi rawar. Na yi dariya na ce masa, Malam, kunyar ɗiyar fari ce ta biyo ka har cikin mujallar Turawa? Ya ce, "To me zan ce? 'Yar gida ce. In zauna ina yabon tawa a gaban mutane?" Ni ma daidai na gani. A gidan da na tashi, wanda aka fi so shi ake kawar wa da kai. Babbar 'yarmu sunan mahaifiyarsa ta ci, Ummi muke ce mata, kuma ban taɓa jin ya yabe ta a gaban idonta ba. Ranar da ta ci jarabawar shiga jami'a cewa ya yi, to madalla, ya fita wanke mota. Ni na leƙa ta taga na gan shi yana share ido da bayan hannu.

Abin da bai zo mana a rai ba, ni da shi, shi ne shirunsa iri biyu ne, kuma mutanen Birmingham ɗaya kaɗai suka sani.

Bayan haka wayar Inna Kamla ta ja baya. Idan ya je sai a ce tana hutawa, ko an ɗage darasi. Ya ɗauka tsufa ne. Kafin sanyi ya shigo ciwon da ya zama ajalinsa ya bayyana, muka shiga zaryar asibiti, Birmingham ta fita daga lissafinmu. Da ya rasu ta zo gaisuwa. Ta zauna a falo cikin matanmu, ta riƙe hannuna, sannan ta tafi. Mira ba ta zo ba. Na lura, amma wadda take cikin takaba ba ta da ƙarfin bin diddigin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Rawar da ya ƙare rayuwarsa a kanta yanzu a waya ake kallonta, guntu-guntu, juyi kawai da walƙiyar kaya, kafin a kai ga sam yatsa ya ture ta an wuce gaba. Na san zai yi tsaki. Amma na san kuma zai saci kallo, don akwai yara a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba da suke koyo ta wannan wayar, kuma shi mutum ne da ba ya iya kawar da kai daga ƙafa mai kyau. Abin da zai fi ba shi wahala yana cikin gidansa. Ummi ta haihu, kuma jikar tamu ko cokali ta ɗaga sai uwar ta ce well done, clever girl. A farko abin yana sa ni jin nauyi, har nakan ce mata ta rage, bakin mutane ba shi da kyau. Yanzu na daina cewa.

A bara wata tsohuwar ɗalibar Malam ta aiko mini cewa Inna Kamla ta rasu. Matar da ta tako har falona, ba zan zauna in aika saƙo ba. Ummi ta ɗauke ni a mota muka tafi. Gidan yana nan yadda na san shi, an shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa, hotonta da furanni a jikin bango. Wata mata mai kimanin shekara talatin ta kawo mana shayi, sai da ta ce Anti sannan na gane Mira ce. Ta zama likitar ido. Bayan mun yi gaisuwa, don dai in sami abin faɗa, na ce mata yaya rawa.

Ta dube ni kamar na taka mata ciwo. Da Turanci muke magana. Ta ce, "Anti, ai ban sake hawa dandali ba tun ranar."

Na ce saboda me?

Ta ce, "Kawu ya ga babu komai a wurin. Shi kuwa ba ya kuskure. Kaka ta karanta ta ninke mujallar, ta ce tunda ɗanta ya tsallake ni, to ita ce ta gaza. Ba ta hana ni ba. Ni ce na kasa ɗaura ƙararrawar."

Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Na ji haushin Malam a ranar irin wanda ban taɓa ji ba yana raye, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci guda. Na fara yi mata bayanin kunya, Turancina ya ƙi ɗaukar maganar. Yaya za ka gaya wa mutum cewa an ƙi kallonsa ne don an fi son sa? Ummi ce ta karɓa, da harshenta na 'yan Manchester. Ta ce mata ita ma haka ya yi mata, bai taɓa cewa ta yi ƙoƙari ba, sai a bakin abokansa take jin abin da yake faɗa a kanta. Ta juyo ta ce mini, "Mama, ki gaya mata abin da ya ce miki a mota. Just tell her."

Na gaya mata. Na ce tun daga nan har gida yabonta yake yi. Ta yi irin murmushin da ake yi wa mai gaisuwar mutuwa, ta ce ta gode, na kyauta. A fili yake ba ta yarda ba. Ta ɗauka ina shafa mata mai ne don kakarta ta rasu, kuma ban ga laifinta ba, don da ni ce ita haka zan ɗauka.

Na rufe ido na koma cikin motar nan, ina laluben abin da ya faɗa da bakinsa, ba abin da nake so ya zama ya faɗa ba. Na ce mata ni ban san kan rawarku ba, amma ga abin da na riƙe. Ya ce can wajen ƙarshe, a dogon sashen da ake maimaita taku sau uku, kin makara da bugu ɗaya wajen shiga. Ya ce ya ga lokacin da kika gane, a kafaɗarki ya gani. Ya ce da wata ce da ta ruɗe ta ƙara sauri, ke kuwa sai kika zubar da juyi ɗaya a zagaye na uku, kika sauka a kan sam kamar da ma haka aka tsara, har mai tabla bai ankara ba.

Mira ta dafe bakinta. Da ta yi magana muryarta ta sauya. Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko kakarta. Ta ce duk shekarun nan ta ɗauka wannan kuskuren ne ya gani ya yanke mata hukunci.

Na ce shi ne ya gani, amma ga hukuncin. Ya ce kowa yana iya haddace taku, gyara a tsakiyar kiɗa ba tare da an ci amanar kiɗan ba shi ne ba a koyarwa. Ya ce idan yarinyar nan ta ɗore za ta wuce tsohuwa. Ya kuma ce in rufa masa asiri kada Inna ta ji.

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta juya ta kalli hoton da ke bango, ta ce, "Da ta ji da ta fi kowa murna. Abin da take jira ke nan." A nan ne nawa hawayen suka zo. Dattijuwar nan ta yi shekaru tana ganin ɗan da ta riƙa ya auna aikin hannunta ya ga bai kai ba, duk da haka ta hau mota ta zo ta riƙe hannuna. Ita ba ni da hanyar da zan gaya mata.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, Mira ba ta koma dandali ba. Rawar nan ba ta jiran mutum, gwiwa da idon sawu suna da lokacinsu, ga aiki ga iyali. Abin da aka rasa an rasa. Ba kuma zan zagi kunya ba, ita ta raine ni, kuma na ga gidajen da babu ita. Amma kunya magana ce da sai wanda ya iya ta yake ji. A Katsina idan uba ya kawar da kai, akwai gwaggo a gefe da za ta raɗa wa yaro cewa ai kai ne hasken idonsa. Mu da muka kwaso ta muka kawo nan, mun baro gwaggon a gida.

Idan na auna abin da ya rage na Malam, littattafansa biyu suna nan, ɗalibai suna ambatonsu, wasu ma suna musu da shi, abin da na san zai fi yi masa daɗi. Sai dai ni ba su nake gani ba. Abin da nake gani shi ne mutumin da ya kalli yarinya a tsakiyar taro ya hango abin da ya faru a kafaɗarta, ya fahimce shi daidai, har bayan shekara goma sha wani abu maganarsa ta iya tsayawa shaida a bakin matar da ba ta san komai a rawa ba. Idonsa bai taɓa cin amanarsa ba. Bakinsa ne ya yi masa nauyi a inda bai kamata ba. Allah ya yafe masa wannan da sauran, ya haskaka makwancinsa.

Kwanakin baya Mira ta kira ni ina shirin fita aiki. Ta ce wata alfarma take nema. Tana so in faɗa mata maganar nan ta cikin mota da Hausa, yadda ta fito daga bakinsa. Na ce ai ba za ki ji ko kalma ɗaya ba. Ta ce ta sani. Na zauna a kan matakala da takalmi ɗaya a ƙafa, na faɗa mata tun daga makarar bugun har zuwa inda ya ce za ta wuce tsohuwa. Sannan ta ce in sake.

Na sake.